Ƙaurace wa manyan gasannin duniya saboda siyasa: abin da ya faru daga 1976 zuwa 1986, da wanda abin ya ci

Shin idan ƙasa ta ce ba za ta tura 'yan wasanta babbar gasa ba saboda wani zalunci da ake yi a wani wuri, hakan yana canza wani abu kuwa, ko kawai yaran da suka shekara huɗu suna atisaye ne ake jefawa cikin asara? Wannan tambayar ta ƙi mutuwa. Ta taso lokacin da wasu a Turai sukai ta kiran a ƙaurace wa kofin duniya na Katar a 2022, ta taso da FIFA da UEFA suka dakatar da Rasha a watan Fabrairun 2022 kwana kaɗan bayan ta auka wa Yukren, kuma tunda aka fara ruwan wuta a Gaza mutane ke ta tambaya to ita Isra'ila fa, me ya sa ba a taɓa ta ba. A gidan kallon ƙwallo za ka ji wani na cewa ai wasa daban siyasa daban, wani kuma na rantsuwa ai da ƙauracewa aka karya gwamnatin wariyar launin fata ta Afrika ta Kudu, kowa na ɗaga murya kuma kowa na riƙe da guntun gaskiya.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne an riga an gwada abin nan gwaji na sosai, shekara goma cur, daga 1976 zuwa 1986. Olamfik uku a jere, na Montiriyal da na Mosko da na Los Anjalas, babu wanda duniya ta hallara gaba ɗaya, sannan ga gasar ƙasashe renon Ingila ta Edinbura da fiye da rabin ƙasashen suka ƙi zuwa. Najeriya da Nijar da Gana duk suna cikin labarin dumu-dumu, ba 'yan kallo ba ne.

Abu uku ne mutane ke cakuɗawa

Kafin mu yi nisa bari mu raba kalmomin don anan ake yawan samun ruɗani. Ƙauracewa ita ce an gayyace ka, kana da haƙƙin zuwa, kai da kanka ka ce ba ka zuwa. Dakatarwa ko kora kuma masu gasar ne suka rufe maka ƙofa, kamar yadda akai wa Afrika ta Kudu da aka hana ta zuwa Olamfik na Tokiyo a 1964 aka kuma kore ta kwata-kwata daga kwamitin Olamfik na duniya, wato IOC, a 1970, ko kamar yadda akai wa Rasha a 2022. Sai na uku wanda ya fi yawa a zamanin nan, ƙauracewar jami'an gwamnati kawai, 'yan wasa su tafi su fafata amma shugaban ƙasa da ministoci su ƙi zuwa bikin, irin wanda Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya sukai wa gasar hunturu ta Beijin a 2022.

Na farkon da na biyun suna da alaƙa, domin sau da yawa barazanar ƙauracewa ce ke jawo a kori wani. A 1968 IOC ta so ta dawo da Afrika ta Kudu gasar Meziko, ƙasashen Afrika suka ce in ta zo mu ba ma zuwa, dole aka janye gayyatar. A 1972 haka akai wa Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yanzu lokacin tana hannun Turawa tsiraru, 'yan wasanta har sun isa Munik aka kaɗa ƙuri'a aka ce su haƙura. To ka ga Afrika ta shiga 1976 da sanin cewa makamin nan yana ci.

Montiriyal 1976: me ya haɗa Afrika da Niyu Zilan

Anan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton saboda Afrika ta Kudu za ta halarci gasar ne aka ƙaurace. Ita ai an daɗe da korar ta. Rigimar da Niyu Zilan ce.

Ranar 16 ga Yunin 1976 'yan makaranta a Soweto suka fito zanga-zangar ƙin a tilasta musu karatu da harshen Afirkans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, hoton Hector Pieterson yaro ɗan shekara 12 an rungumo shi jina-jina ya zagaye duniya, kuma tarzomar da ta biyo baya ta ci ɗaruruwan rayuka. Jinin yaran nan bai gama bushewa ba ƙungiyar zari-ruga ta ƙasar Niyu Zilan, All Blacks, ta sauka a Afrika ta Kudu don rangadin wasanni na wata da watanni, kuma da yardar firaministansu Robert Muldoon wanda dama a kamfen ɗinsa na 1975 ya ce shi gwamnatinsa ba za ta hana wasa da Afrika ta Kudu ba. Kuma ka sani zari-ruga a wajen Turawan Afrika ta Kudu, musamman Turawan da ke magana da harshen Afirkans, kusan ita ce abin alfaharinsu na ɗaya, wasa da All Blacks kuwa shi ne ƙololuwa, don haka zuwan nan kamar an shafa musu kai ne an ce ku ci gaba duniya na tare da ku.

Tanzaniya ta Julius Nyerere ce ta fara cewa ba ta zuwa. Majalisar ƙoli ta wasannin Afrika, wadda ɗan Najeriya Abraham Ordia ke shugabanta, Jean-Claude Ganga ɗan Kongo kuma yake sakatare, ta nemi IOC ta cire Niyu Zilan daga gasar. IOC ƙarƙashin Lord Killanin ta ce a'a, hujjarta ita ce zari-ruga ba ta cikin wasannin Olamfik tun 1924, kuma hukumar zari-ruga ta Niyu Zilan ba a ƙarƙashinta take ba, to da wane dalili za ta hukunta masu tsere da masu iyo a kan laifin wasu. In dai dokar takarda ce hujjar tana da ƙarfi. Su kuma 'yan Afrika suka ce mu ba maganar takarda muke ba, yara aka kashe.

Ana gab da buɗe gasa ranar 17 ga Yuli ƙasashen Afrika fiye da 20 suka janye, Iraƙi da Gayana suka bi su. Mafi yawan 'yan wasan sun riga sun isa Kanada suna masauki, a can umarni ya same su su haɗa kaya. Najeriya lokacin Obasanjo ne ke kan mulki wata biyar bayan kashe Murtala, Joe Garba ne kwamishinan harkokin waje, kuma ƙasar na kan zafin manufar nan da Murtala ya ɗora ta a kai ta cewa Afrika ce gaba da komai, don haka babu wani jan ƙafa. Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa uku da suka samu tikiti daga Afrika, Najeriya da Gana da Zambiya, duk ba su buga ko wasa ɗaya ba. Masar da Maroko da Tunisiya da Kamaru har sun fara fafatawa na 'yan kwanaki kafin su janye. Nijar wadda Issaka Daboré ya ciyo mata tagulla a dambe a 1972 ita ma ba ta shiga ba, haka Chadi da Sudan. Sanigal da Kodebuwa ne suka tsaya sukai gasarsu.

To an ci nasara? In ka duba abin da aka nema kai tsaye, ba a samu ba. Niyu Zilan ta yi gasarta, John Walker ɗinta ma ya ci zinare a tseren mita 1,500, tseren da duniya ta ƙosa ta gani tsakaninsa da Filbert Bayi na Tanzaniya wanda ya doke shi a 1974 ya kafa tarihin duniya. John Akii-Bua na Yuganda da ya ci zinaren tsallake shinge na mita 400 a Munik bai samu damar kare kambinsa ba.

Amma a wannan watan dai na Yulin 1976 FIFA ta kori Afrika ta Kudu gaba ɗaya, hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ita ma ta kore ta. A 1977 shugabannin ƙasashe renon Ingila suka sa hannu a yarjejeniyar Gleneagles a Sikotilan cewa kowace gwamnati za ta yi bakin ƙoƙarinta ta hana hulɗar wasa da Afrika ta Kudu, har da Muldoon ɗin a cikin masu amincewa, kuma tsoron kar abin Montiriyal ya maimaitu a gasarsu ta Edmonton ta 1978 ne ya kai su teburin. Najeriya ma duk da haka ba ta gamsu ba, ta ƙi zuwa Edmonton ɗin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwa a kan wariya a wasanni a ƙarshen 1977, kwamitinta na yaƙi da wariya, wanda 'yan Najeriya suka daɗe suna shugabanta ciki har da marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, ya riƙa fitar da jerin sunayen 'yan wasan da suka je Afrika ta Kudu don duniya ta san su. A cikin Niyu Zilan kanta abin ya zama ciwo, lokacin da ƙungiyar Afrika ta Kudu ta kai musu ziyara a 1981 ƙasar ta dare biyu, masu zanga-zanga suka mamaye fili a Hamilton aka fasa wasa, a wasan ƙarshe a Okland har wani ya riƙa shawagi da ƙaramin jirgi yana jefo ƙullin fulawa cikin fili.

Mosko 1980: lokacin da manya suka ari makamin

A ƙarshen Disambar 1979 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga Afganistan. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, shugaban Amurka Jimmy Carter kuma yana cikin tsaka mai wuya, ga ma'aikatan ofishin jakadancinsa da ake tsare da su a Tehran tun Nuwamba, ga zaɓe na tafe. Yaƙi da Sobiyet ba zai yiwu ba, don haka ya nemi abin da zai yi musu zafi ba tare da harbi ba, ya hana sayar musu da hatsi, sannan ranar 20 ga Janairun 1980 ya ba su wata ɗaya su fice ko Amurka ta ƙi zuwa Olamfik na Mosko, karo na farko kenan da wata ƙasar kwaminisanci za ta karɓi baƙuncin gasar, kuma Sobiyet ta zuba dukiya da buri a kai.

Wani abu da ya kamata a gane shi ne a tsarin Olamfik gwamnati ba ita ke tura tawaga ba, kwamitin Olamfik na ƙasa ne, kuma a ƙa'ida mai zaman kansa ne. Shi ya sa Carter sai da ya matsa wa kwamitin Amurka lamba ta kowace fuska, har da maganar hana 'yan wasa takardun tafiya, kafin a watan Afrilu wakilai su kaɗa ƙuri'a kusan kashi biyu cikin uku su yarda. Wasu 'yan wasa da Anita DeFrantz mai tuƙa kwale-kwale ta jagoranta sun kai ƙara kotu suka faɗi. A Birtaniya kuwa Margaret Thatcher ta so a ƙaurace amma kwamitinsu ya ƙi jin maganarta, suka tafi ƙarƙashin tutar Olamfik, a can Sebastian Coe da Steve Ovett da Allan Wells da Daley Thompson suka ciyo zinare. Faransa da Italiya da Ostireliya su ma sun je. Jamus ta Yamma da Japan da Kanada da Sin suka zauna a gida.

Ƙasashen Musulmi da yawa sun ƙaurace, Saudiyya da Pakistan da Masar da Turkiyya da Indonesiya da Malesiya, kuma a wajen da yawa daga cikinsu maganar ta wuce bin Amurka, ƙasar Musulmi ce aka mamaye. A taƙaice ƙasashe 80 ne suka halarta, mafi ƙaranci tun 1956, sama da 60 ba su je ba, kodayake a ciki akwai waɗanda rashin kuɗi ne ya hana su.

Aiken Muhammad Ali da amsar da Afrika ta bayar

Wannan ɓangaren ni ya fi jan hankalina. Carter ya san yana buƙatar Afrika, sai ya ɗauki mutumin da ya san babu wanda 'yan Afrika ke so kamarsa, Muhammad Ali, ya tura shi a watan Fabrairun 1980 zuwa Tanzaniya da Kenya da Najeriya da Laberiya da Sanigal. Tun a zangon farko abin ya kwaɓe. Nyerere ya ƙi ganinsa, don yana ganin raini ne a aiko masa ɗan dambe a kan maganar da ta kamata shugaba ya yi da shugaba, 'yan jarida a Darussalam kuma suka tare shi da tambaya guda, ina Amurka take a 1976 lokacin da muka nemi a tsaya mana a kan yaran Soweto, kuma ya sani cewa Sobiyet ɗin nan ita ke taimaka wa masu fafutukar 'yanci a kudancin Afrika? Ali mutum ne mai gaskiya, a gaban kowa ya yarda cewa ba a gaya masa waɗannan abubuwan ba, har ya ce wataƙila ana amfani da shi ne a abin da bai dace ba.

Tanzaniya da Najeriya da Sanigal duk sun tafi Mosko. Najeriya lokacin mulkin Shagari ne, Green Eagles, wato Super Eagles ta yanzu, ba su daɗe da cin kofin Afrika a Legas ba a watan Maris, kuma gurbin Gana da ta ƙaurace suka samu a ƙwallon Olamfik. Kenya da Gana da Nijar da Chadi da Sudan ba su je ba, wanda ke nufin ɗan wasan waɗannan ƙasashen ya rasa Olamfik biyu a jere, daga 1972 sai 1984, shekara 12, wanda kusan shi ne tsawon ƙarfin ɗan wasa gaba ɗaya.

Waɗanda suka je sun samu rabonsu. Miruts Yifter na Habasha da ya rasa Montiriyal ya lashe mita 5,000 da 10,000. Bayi ya samu azurfa, Suleiman Nyambui shi ma azurfa, lambobin Olamfik na farko ga Tanzaniya. Zimbabuwe da ta samu 'yanci a watan Afrilun shekarar, an gayyaci tawagar hokin matanta a ƙurarren lokaci don cike gurbin waɗanda suka janye, suka ɗauke zinare. Sobiyet ta kwashe zinare 80 ta nuna wa mutanenta a talbijin a matsayin shaidar ƙarfinta. Sojojinta kuwa ba su bar Afganistan ba sai 15 ga Fabrairun 1989, shekara tara bayan wa'adin wata ɗaya na Carter, kuma abin da ya fitar da su yaƙin da aka yi da su ne a ƙasa da tattalin arzikinsu da ya durƙushe.

Los Anjalas 1984 da Edinbura 1986

Na 1984 ba ya buƙatar dogon bayani. Ranar 8 ga Mayu Sobiyet ta ce ba ta zuwa Amurka, dalilin da ta bayar shi ne rashin tsaro ga 'yan wasanta da kuma ƙiyayyar da ake hurawa a kanta, kuma da gaske akwai ƙungiyoyi a Amurka da ke shirin zanga-zanga da zuga 'yan wasan su gudu su nemi mafaka, amma mafi yawan mutane ramuwar gayya suka ɗauke shi. Ƙasashe 14 ne, har da Jamus ta Gabas da Kiyuba da Habasha. Romaniya ta ɓalle daga sahu ta je ta zo ta biyu a yawan zinare da guda 20, Sin ta dawo gasar bazara karon farko tun 1952, ƙasashe 140 suka hallara, Amurka ta ci zinare 83, masu shirya gasar suka fita da ribar sama da dala miliyan 200. Najeriya ta samu azurfa a dambe ta hannun Peter Konyegwachie da tagulla a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci zinare. Wanda aka cuta su ne irin Teófilo Stevenson ɗan damben Kiyuba mai zinare uku da aka hana shi neman na huɗu.

Na 1986 kuma ya dawo kan Afrika ta Kudu. Gwamnatin wariya ta kafa dokar ta-ɓaci ana ta kashe mutane a unguwannin baƙaƙe, kusan duk ƙasashe renon Ingila suna so a ƙaƙaba mata takunkumin tattalin arziki mai ƙarfi, Thatcher ta ce sam. Gasar ƙungiyar kuwa a Edinbura za a yi, a cikin Birtaniya. Najeriya ta Babangida da Gana suna cikin na farkon janyewa, Kenya da Indiya da Jamaika da sauransu suka biyo, ƙasashe 32 cikin 59 suka ƙi zuwa, gasar ta koma kusan ta Turawa zalla ta kuma ƙare da bashi. Thatcher ba ta sauya ra'ayi ba, mutanen Sikotilan da yawansu ma ba sa sonta su suka kwana da asarar, amma sauran ƙasashen ƙungiyar sun ci gaba da takunkuminsu ba tare da ita ba.

Me ya sa wata ta yi tasiri wata ba ta yi ba

A ganina kuskuren da ake yi shi ne a zuba su duka a kwando ɗaya, a ce ƙauracewa tana aiki ko ba ta aiki. Abin da aka nema a kowacce ya bambanta.

A maganar Afrika ta Kudu zaluncin yana cikin wasan kansa. Gwamnati ce ta hana baƙi da fari buga wasa tare, tun 1957 aka cire ƙasar daga kofin Afrika na farko a Khartum saboda ta ƙi kawo tawaga mai haɗe da kowa. Don haka abin da ake nema abu ne da hukumomin wasa ke da ikon bayarwa, su rufe ƙofa ko su buɗe. Irinsa ne ya faru a kofin duniya na 1966 da Afrika ta ƙaurace gaba ɗaya don FIFA ta ba Afrika da Asiya da yankin Ostireliya gurbi ɗaya tak su yi kokawa a kai, Ohene Djan na Gana da Yidnekachew Tessema na Habasha suka ja ragamar, zuwa 1970 Afrika ta samu nata gurbin Maroko ta je. Shi kuwa Carter yana so ne kwamitin wasanni ya fitar masa da tankokin yaƙi daga Kabul, abin da babu wani alƙalin wasa da ke da iko a kai.

Sannan waɗanda ake zalunta su ne suka roƙi a yi. Dennis Brutus da ya kafa kwamitin Olamfik na marasa wariya an harbe shi an ɗaure shi a tsibirin Robben, Sam Ramsamy ya ci gaba da aikin daga Landan shekara da shekaru, 'yan wasa baƙaƙe na cikin gida suna cewa ba za a yi wasa lafiya ba a ƙasar da ba lafiya. Kuma ba abin rana ɗaya ba ne, kusan shekara 30 ana toshe ƙofa bayan ƙofa, kuma an taɓa su a inda suke jin zafi. A ƙuri'ar raba gardama ta Turawa zalla ta 17 ga Maris 1992, wadda kusan kashi 69 cikin 100 suka amince a ci gaba da tattaunawar kawo ƙarshen wariya, tawagar kurket ɗin ƙasar tana can tana buga kofin duniya karon farko, kuma masu kamfen ɗin eh sun yi amfani da wannan sosai, suna tuna wa mutane cewa in aka ce a'a za a koma zaman kaɗaici.

Duk da haka kar a zuzuta. Wasa shi kaɗai bai sako Mandela ba a 1990. Akwai boren cikin gida, akwai ƙungiyoyin ƙwadago, akwai bankunan duniya da suka ƙi sabunta bashi a 1985, akwai yaƙin Angola da Namibiya, akwai ƙarewar yaƙin cacar baka. Ƙauracewar wasa igiya ɗaya ce cikin igiyoyin, sai dai ita ce wadda Bature talaka a Firitoriya yake ji a jikinsa kowace Asabar.

Masu cewa a raba wasa da siyasa su ma suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Sukan ce gwamnatin da ta hana ɗan tsere zuwa gasa sau da yawa ba ta hana 'yan kasuwarta ciniki da ƙasar da take zagi, wato an zaɓi wanda ba shi da murya an ɗora masa kayan. Wannan gaskiya ce kuma a Mosko ta fito fili. Inda ban yarda da su ba shi ne cewa wasa bai taɓa haɗuwa da siyasa ba, gasar da ake ɗaga tutar ƙasa ana buga taken ƙasa ana lissafin lambobi ƙasa-ƙasa ai da siyasa aka haife ta.

Me ya sa yanzu ba a cika yi ba, kuma wa ke ɗaukar asarar

Bayan Olamfik na Seul 1988 da Koriya ta Arewa da Kiyuba da Habasha da Nikaraguwa suka ƙi zuwa, abin ya lafa, Basalona 1992 kusan kowa ya hallara har da Afrika ta Kudu. IOC ƙarƙashin Juan Antonio Samaranch ta karɓe aikin tura gayyata daga hannun ƙasar da ke karɓar baƙi, ta sanya halarta ya zama wajibi a kan kwamitocin ƙasashe, kuma kuɗin talbijin da tallafin da take raba musu ya yi yawan da ƙaramar ƙasa za ta yi tunani sau biyu kafin ta yi wasa da shi. Thomas Bach da ya shugabanci IOC daga 2013 zuwa 2025 shi kansa ɗan wasan takobi ne na Jamus ta Yamma da ya ci zinare a 1976 aka hana shi zuwa Mosko, kuma bai taɓa ɓoye cewa abin ya tsaya masa a rai ba.

A ƙwallon ƙafa hukuncin ma ya fi saurin sauka, kuma mu mun ɗanɗana. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwambar 1995 Mandela ya nemi a sanya wa Najeriya takunkumi, gwamnatin Abacha ta hana Super Eagles zuwa kofin Afrika na 1996 a Afrika ta Kudu alhali su ke riƙe da kofin, CAF ta ƙara musu da haramcin na 1998. Tawagar da da yawa ke ganin ba a taɓa yin kamarta ba, wadda wasu 'ya'yanta suka ciyo zinaren Olamfik a Atlanta a 1996, ta rasa kofin Afrika biyu a lokacin da take kan ganiyarta, kuma wannan karon babu wani wanda ake zalunta da aka tsaya wa, fushin gwamnati ne kawai.

Ga ɗan wasan da ya fito daga gidan talakawa lambar Olamfik ita ce gida, ita ce aiki, ita ce gurbin karatu a waje, ita ce kuɗin makarantar ƙanne, kuma damar sau ɗaya ko biyu take zuwa a rayuwa. Ni har gobe ina ganin matakin 1976 daidai ne, da an zauna an yi tsere kafaɗa da kafaɗa kamar ba a kashe kowa a Soweto ba da abin kunya ne, amma ina ganin ƙasashen da suka kira yaran nan gida ba su biya su haƙƙinsu ba, sunayen shugabannin da suka ba da umarni ake tunawa, na waɗanda suka sadaukar kuwa sai ka tona.

Henry Rono na Kenya yana cikin tawagar da aka dawo da ita daga Montiriyal. A 1978 cikin kwana 81 ya kafa tarihin duniya har guda huɗu, a mita 3,000 da 5,000 da 10,000 da kuma tseren mita 3,000 mai shinge da ruwa, babu wani mahaluki a doron ƙasa da ke iya kamo shi a lokacin. Da 1980 ta zo Kenya ta sake ƙauracewa. Zuwa 1984 ƙarfin ya tafi, rayuwa ta juya masa baya a Amurka, ya yi fama da shaye-shaye har ya kai ga kwana a gidan marasa galihu, daga baya ya farfaɗo ya koma koyarwa da horar da yara. Ya rasu a Nairobi a watan Fabrairun 2024 bai taɓa yin tsere ko ɗaya a Olamfik ba.